Teta Ta Ɗora Halawa

Wadda ta turo min saƙo tana tambaya ko da gaske maza suna kuka a kan teburina: da gaske ne. Manyan ma sun fi. Na ga masu share hawaye da gemu ba iyaka.

Ga sababbin shigowa, sunana Nayla. Shekara shida na yi a Lyon ina karatun haɗa magunguna, na dawo Montreal da takarda mai hatimi, na buɗe shagon cire gashi a unguwar Village. Har yau in an tambayi Mama aikina sai ta ce ina harkar lafiya. Tara cikin goma na masu zuwa wurina maza ne masu son maza, kuma gida biyu suka rabu. Akwai 'yan sumul, waɗanda silin gashi ɗaya a kafaɗa ke hana su sukuni. Akwai gargasa, masu kiran kansu da sunan beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi, masu cewa namiji ba ya gyaran jiki, yadda aka halicce shi haka yake fita. Su waɗannan duk mako uku suke zuwa. A rage ƙirji da kilifa mai lamba huɗu, a share ƙeya, a daidaita kafaɗa, a shafa mai, a taje. Sannan mutum ya tsaya gaban madubi ya ce, "Nayla, ba a gane an taɓa ba ko?" Aikin da ba a ganewa ya fi kowanne cin lokaci.

Yayana Ziad ya zauna a gidajen biyu. Shekara goma yana ɗan sumul. A gadon bayansa na koyi sana'ar tun kafin in tafi karatu, ga shi gashinmu na mutanen Lebanon, ka cire da safe ya gaishe ka da yamma. Sai ya haɗu da Gaétan.

Gaétan ɗan manoman mapul ne daga Beauce, masu tatsar itace su dafa ruwan har ya koma kamar zuma. Yana cika ƙofa. In ya cire riga sai ka rantse bai cire ba. Shi ne sarkin gargasa na bana a mashayarsu, da ɗamarar fata da komai, kuma a watan Agusta zai hau bayan mota ba riga ya zaga gari ana yi masa tafi. Ranar da suka fara fita tare ya kalli damtsen Ziad ya ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Tun daga ranar yayana ya bar gashinsa. Shekara huɗu ke nan. Muryarsa ma ta sauka ƙasa, ban san yadda aka yi ba. Ya sayi gatari. A bene hawa na uku yake zaune.

Aurensu ranar Asabar ne, a gonar su Gaétan. Kowa ya amsa gayyata sai mutum ɗaya: Teta Wadad, kakarmu ta wajen uwa, mai shekara tamanin da huɗu. Mata zalla ta haifa, matan suka haifi mata, Ziad ne namiji tilo a zuriyarta. Tun ranar da ya gaya mata gaskiyarsa, shekara uku da suka wuce, ba ta zage shi ba, ba ta kore shi ba. Tana zuba masa abinci har ya ce ya isa. Taɓa shi kawai ta daina. Matar da ke kama kumatunsa da hannu biyu ko a ƙofar coci ne, yanzu sai ta miƙa faranti ta janye hannu. Ziad ya ce bai damu ba. Kujerar gaba ya ware mata a wurin bikin, ya sa an ɗinka mata matashi.

Ranar Lahadi muna cin abinci a gidanta a Saint-Laurent, ni da Mama da Tante Hoda, yayar Mama. Kujerun falon suna nan cikin ledarsu tun kafin a haife ni, hoton marigayi kakanmu yana hararar kowa daga saman talabijin. Teta ta ajiye cokali.

"Ranar Alhamis ƙarfe sha biyu zan ɗora halawa."

"Ta wa?" in ji Tante Hoda.

"Wa ake aurarwa a gidan nan?"

Halawa dai dafaffen sukari ce da lemon tsami, da ita ake cire wa amarya gashin jiki.

"Na yi muku ku biyu. Na yi wa 'ya'yan Hoda uku. Babu wanda ya taɓa fita gidan nan zuwa ɗakin aure da gashi a jikinsa. Ya zo ya kwanta, in je bikinsa. Bai zo ba, in zubar da sukarina, ranar Asabar in kalli talabijin."

Mama ta fashe da kukan murna. Tante Hoda ta rangaɗa guɗa da shinkafa a bakinta. Sai dukansu suka juyo suka zuba min ido.

"Ke za ki gaya masa," in ji Mama. "Ai aikinki ne."

Karo na farko ke nan da ta amsa cewa aikina ne.

A cikin mota na tura masa saƙo.

*Teta za ta zo. Amma da sharaɗi.*

*Da gaske?? Me take so? Fada na coci? Zan nemo mata fada ko na haya ne.*

*Halawa. Taka. Daga wuya har yatsan ƙafa.*

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito, ta ɓace. Sai ya kira.

"Wato ni ce amaryar."

"Ba ta ce haka ba."

"Nayla, wa ake yi wa halawa? Shekara huɗu ana yi mana tambayar nan. A ofis, a wurin tela, har mai kek sai da ta tambaya wa zai riƙe fure. Yanzu kakata ta ba da amsa, kuma a ƙirjina za ta rubuta kowa ya karanta."

"Riga fa za ka sa, habibi."

"Hoton tafkin fa?"

Na manta da hoton tafki. Abokan angwaye goma sha biyu, duk gargasa, za su jeru a bakin ruwa ba riga, angwaye a tsakiya. Wata uku suna shafa mai saboda hoton nan.

"Ki hango ni a tsakiyarsu," ya ce, "kamar kazar da aka fige."

Na hango. Kuskurena ke nan, don dariya ta ƙwace min. Ya kashe waya.

Litinin na koma wurin Teta neman ragi. Na same ta tana tsince lemon tsami, tana matsa kowanne tana sansanawa.

"Teta, hannu kaɗai?"

"A'a."

"Baya gaba ɗaya, a bar ƙirji?"

"Ke haka kike yi wa mutane a shagonki, rabi da rabi? Shi ya sa uwarki ke ɓoye sana'arki."

Talata Mama ta turo min saƙon murya goma sha huɗu. A na farko tana roƙo, a na bakwai tana tuna min naƙudar awa ashirin da ta yi a kaina, a na ƙarshe ta ce, "Ki ce masa gashi ne kawai." Masu karatu, duk wanda ya taɓa cewa gargasa gashi ne kawai ya san ba a maimaitawa.

Laraba da yamma Ziad ya shigo shago bayan mutum na ƙarshe ya fita. Riga mai gidan dara ya sa, mai kauri, a tsakiyar watan Yuli, maɓalli uku a buɗe. Ya zauna a bakin teburin yana jujjuya kwalbar man gemu.

"Kin tuna sunan da suka sa min a wurin ninƙaya na makaranta?"

"Darduma."

"Ina shekara sha uku na saci rezar Baba. Na girma na shigo unguwar nan, na zaci na iso gida. Duk wanda na tura wa hoto sai ya ce, kana da kyau, amma ka taɓa tunanin cirewa? Mutum ɗaya ne ya kalle ni bai ce a rage komai ba."

"Duk mako uku kana zuwa in rage maka kafaɗa."

"Wannan daban ne."

"Gaétan ma yana zuwa."

"Nayla."

"To. Ba za ka je ba ke nan?"

Ya ajiye kwalbar a inda ba wurinta ba. "Ina so ta zo. Kin san ina so. Amma ba zan koma wancan mutumin ba, ko na mako ɗaya ne."

Yana fita wayata ta yi ƙara. Gaétan ne. Shi ba ya rubuta dogon zance, yatsunsa sun fi madannan girma.

*Adireshin kakarku?*

Na ba shi. Mai zagina ta zage ni a ƙasa, a wurin sharhi, ina karantawa.

Alhamis tun ƙarfe sha ɗaya muka hallara. An shimfiɗa tsohon zanen gado a kan teburin cin abinci, an kawar da kujeru. Teta ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Mama ta kafa kanta a taga. Tante Hoda ta dafa gahawa ta shanye ita kaɗai. Sha biyu daidai Teta ta zuba sukari da ruwa da lemon tsami a tukunyar da ta taho da ita daga Zahle, garinsu a Lebanon, ta kunna wuta. Ba ta kalli agogo ba ko sau ɗaya.

Sha biyu da kwata aka danna ƙararrawa.

Gaétan ne, cikin kwat ɗin da ta ƙi rufuwa, da gwangwanin mapul a hannu kamar mai zuwa dubiya. Bai taɓa tsayawa gaban Teta ba. Ta leƙo daga kicin ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa.

"Barka da rana, Madame. Ni ne Gaétan."

"Na ga alama."

"Na zo a yi min a madadinsa."

Na ja hannun kwat ɗinsa. "Faretin Agusta fa? Wa ya taɓa ganin sarkin gargasa sumul?"

"Sa naɗa wani," ya ce ƙasa-ƙasa.

Teta ta goge hannu ta fito. "Cire rigar."

Ya cire kwat, ya cire riga, ya cire singileti. Tante Hoda ta yi alamar gicciye. Mama ta bar taga. Teta ta zagaya shi sau ɗaya a hankali, kamar mai tayin rago.

"Wannan sai buhun sukari guda," ta ce. Sannan ta miƙa masa rigarsa. "Mayar. Kai ba namu ba ne."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi zafi. Na sha ganin fuskar Gaétan a ƙarƙashin kilifa, ban taɓa ganinta haka ba. Ya zura hannu a riga, ya fara ɓalla maɓalli daga ƙasa. Ni kuma na ciro waya na tura wa Ziad: *Angonka yana falon Teta ba riga.*

A maɓalli na uku Gaétan ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Madame, sukarinki zai ƙone."

"Bai yi ba. Na duba launinsa."

"Ya wuce."

Bai jira izini ba. Taku uku ya kai kicin, ya sauke tukunyar, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kofin ruwan sanyi, ya ciro ya murza tsakanin yatsu biyu. Na leƙa. Halawar ta yi duhu, saura ƙiris ta koma dutse. A nan na gane abin da Teta ba ta gaya wa kowa ba: idonta ya daina raba ruwan zuma da ruwan ƙasa. Ni da na yi shekara shida ina karatu a Lyon ina can ina kallon ƙofa.

Teta ta karɓi ɗan curin daga hannunsa, ta murza, ta ja, ta naɗe.

"Wa ya koya maka?"

"Kakata. Tun ina shekara shida nake tsaron tukunya a gona."

"Tana raye?"

"A'a, Madame."

"Hm." Ta nuna masa faffaɗan tire da haɓa. "Juye a can. A hankali, ba ruwan itacenku ba ne."

Halawar tana shan iska, Gaétan yana murza ta da manyan hannayensa har ta yi haske, sai muka ji gudu a matakala. Ziad ya banko ƙofa yana haki, gumi ya jiƙe masa rigar gidan dara.

"Kar wanda ya taɓa shi!"

"Wa ya taɓa shi?" in ji Teta. "Aiki na sa shi."

Ziad ya kalli teburin da zanen gadon, ya kalli Gaétan da halawa a hannu, ya kalle ni. Na ɗaga kafaɗa.

"Teta," ya ce da muryar nan tasa ta mai gatari, "ni ba amarya ba ne."

"Wa ya ce kai amarya ne? Da wannan hancin?"

Tante Hoda ta toshe baki da gyale.

"Ban tambayi wa ke wanke kwanuka a gidanku ba, ba ruwana. Ni ban san yadda ake auren maza biyu ba. Na tambayi kaina shekara uku, ban sani ba har yanzu. Abin da na sani, in ɗan gidan nan zai fita, ni nake shirya shi da hannuna. In ban yi ba, me zan je yi a can? In zauna a kujera kamar wadda aka gayyato daga titi?"

Ziad ya ce, "Shekara goma ina tsige kaina saboda kunyar jikina, Teta. Na sha wuya kafin in daina."

"Mako nawa yake yi ya fito?" Ni ta tambaya.

"Shida zuwa takwas."

"To. Ni in na tafi, mako nawa zan yi in fito?"

Mama ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

Ziad ya kai hannu ga maɓalli.

"Gemu fa?"

"Gemun kakanka ne. Ba na taɓawa."

Na roƙa aka bar ni na fara rage tsawon da kilifa, don ko ba komai ɗan'uwana ne. Ya hau teburin da gajeren wando, ya kwanta yana kallon fanka. Teta ta matso. Kafin a manna halawa, ana ɗora tafin hannu a kan fata a ji inda gashi ya kwanta. Daƙiƙa biyu ta isa, sana'ata ce, na sani. Hannun Teta ya zauna a ƙirjin Ziad har na ƙirga ashirin. Shi bai daina kallon fanka ba.

Sai ta manna, ta shafa, ta fizge.

Muryar da ta yi shekara huɗu a ƙasa ta dawo sama gaba ɗaya. Tante Hoda ta rufe ta da guɗa.

"Wayyo! Teta, a hankali!"

"A hankali ya fi zafi. Uwarka ko tari ba ta yi ba."

"Na suma ne," in ji Mama.

"Kai, mai itace, miƙo wani curin," in ji Teta.

Haka aka yi awa biyu. Gaétan yana murza halawa da hannu ɗaya, ɗayan yana hannun Ziad, wanda ya matse shi har yatsun suka yi fari. Ziad ya zagi Lyon da ta koya min rashin imani, ya zagi lemon tsami, ya yi alkawarin sayar da gatari. Da aka zo bayan gwiwa ya kira sunan waliyyan da ban san ya sani ba. Teta ba ta tsallake ko yatsan ƙafa ɗaya ba. Inda idonta bai gani ba, yatsunta suna gani.

Da ta gama ta shafe shi da ruwan wardi tun daga wuya. Ya tashi zaune, ja wur kamar tattasai, gemu a sama, ƙasa ba komai. Ya naɗe hannu a ƙirji.

"Kar ka kalle ni."

Gaétan ya kalle shi sama da ƙasa, da gaske, ba dariya.

"Shekara huɗu," ya ce. "Ashe kana da cibiya."

Ziad ya jefe shi da tawul. Teta ta kama kumatun jikanta da hannu biyu, da danƙon sukari da komai, ta juya fuskar dama da hagu kamar mai duba aiki, ta saki.

"Ƙarfe tara za ku ɗauke ni ranar Asabar. A gaban mota zan zauna, baya yana sa ni amai."

Mama ta koma kuka. Na fara naɗe zanen gado. A kan tire saura curi ɗaya, bai fi ƙwai ba. Teta ta ɗauka tana murzawa, na zaci kwandon shara za ta. Sai ta tsaya gaban Gaétan, wanda har yanzu rigarsa a buɗe take daga maɓalli na uku. Ta yi ɗage, ta manna masa a tsakiyar ƙirji, daidai inda ɗamarar sarauta ke ratsawa, ta shafa ƙasa da babban yatsa.



Ga wadda ba ta sani ba, halawa ba kamar kakin shagona ba ce. Ruwan ɗumi kaɗan ya narkar da ita, ko sili ɗaya ba za a rasa ba. Na sani, Teta ta sani, mutumin da ya girma a gindin tukunyar sukari ya fi mu sani. Na nufi kicin na ɗauko buta.

"Gaétan, fareti," in ji Ziad. "Rami za ta yi maka a tsakiya. A wanke kawai."

Teta ba ta ja ba. Ta dai riƙe bakin halawar da yatsu biyu, tana kallon sama, tana jira.

"Ɗazu kin ce ni ba naku ba ne, Madame."

"Ɗazu ne."

Ya kalli butar da ke hannuna. Ya kalli Ziad. Ya ja numfashi har rigar ta ƙara buɗewa, ya kama bakin teburin da hannu biyu.

"Ja, Teta."

Ta gyara tsayuwa.

"Hoda," ta ce, "rufe taga. Akwai maƙwabta."